Maganin gwiwa ya tayar mini da hawan jini

Shekara shida ina shan magungunan hawan jini, amlodipine da lisinopril, ban taɓa tsallake rana ba, ko cikin azumi da sahur nake sha. Shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Da gwiwa aka fara. Duk mai wuni tsaye a kasuwar Kejetia ta Kumasi ya san wannan ciwon. Na shiga wani shagon magani nan unguwarmu Aboabo, yaron ya miƙo mini diclofenac. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa ina da hawan jini ba. Maganin ya karɓe ni kuwa, har sujada na koma yi ba sai na nemi kujera ba. Safe da dare, kusan wata biyu. Hunturu ya shigo da mura, na ƙara da mai buɗe hanci.

Sai ƙeya ta fara sara, ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Da aka auna ni a asibiti, 176/104. Nas ta ce, "Hajiya, ban da namu, me kike sha?" Na ce babu. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba, a raina ɗan maganin ciwon jiki bai kai a lissafa shi ba. Sai da 'yata ta zazzage jakata a kan tebur.

Likita ya ce diclofenac da ɗan'uwansa ibuprofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage wa lisinopril ƙarfi, haɗuwarsu kuma tana iya taɓa ƙodar kanta. Na murar akwai pseudoephedrine a ciki, matse jijiyoyin jini yake yi hanci ya buɗe, amma ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba. Har jiƙon kanwar da nake sha don ciki ya hana ni, ya ce gishiri na rage a miya na dawo da shi ta kofi. Goro kuwa cewa ya yi in sassauta.

Wata biyu ina rushe abin da na yi shekara shida ina ginawa, da kuɗina! Ranar da gwajin ƙoda ya fito lafiya, kuka na yi a cikin trotro, motar haya.

Yanzu paracetamol nake sha idan gwiwar ta matsa, jinin ya sauko 132/84. Kafin mai shago ya miƙa hannu kan kanta, na riga na ce masa, "Ɗana, ina da hawan jini, karanta mini abin da ke ciki."