Faya-fayan Rediyo Sun Fi Tsofaffin Jaridu Buƙatar Ceto

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, ta yi sa'a ta wata fuska, domin kowane bugu yana fitowa ne da kwafi masu yawa, saboda haka ko da gara ta cinye na wani ɗakin karatu, akwai fatan a dace da wani a Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihin Arewa, ko a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Labaran rediyo ba su da wannan gata, alhali kuwa ta rediyo ne mafi yawan Hausawa suka ji labarin duniya, musamman bayan da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, aka kuma kafa Rediyo Kaduna a 1962.

Takardar da mai karanta labarai ke riƙewa a ɗakin watsa shiri ba ta cika wuce kwafi ɗaya ko biyu ba. An buga ta da tafireta, edita ya bi ta da biro, ya soke wani layi, ya ɗaga wani labari sama, ya rage zafin wani. A ganina waɗannan gyare-gyare sun kai labarin kansa daraja, domin su ne ke nuna abin da aka yarda jama'a su ji a ranar juyin mulki ko a kwanakin yaƙin basasa.

Lamarin faifai ya fi tayar mini da hankali. Gidajen rediyo da dama a duniya sun riƙa goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai saboda tsadar faifai, waɗanda suka tsira kuma zafi da laima suna cin su a hankali, har zaren ya manne da juna ko ya yi funfuna. Ga shi kuma an daina ƙera injinan da ke kunna su, masu gyaran injinan ma suna ta ƙarewa. Wannan ne ya sa a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA, wadda ta haɗa ma'ajiyun murya da bidiyo na duniya, suka yi gargaɗin cewa wajen shekarar 2025 kwafe irin waɗannan faya-faya zai yi matuƙar wuya.



Mayar da abu cikin kwamfuta rabin aikin ne kawai. Muryar da aka adana ba tare da sunan mai magana da shekara da wurin da aka ɗauke ta ba, da wuya mai bincike ya amfana da ita. Waɗanda za su iya cike wannan giɓi su ne tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya, waɗanda da jin gyaran murya kaɗai za su faɗi ko wane ne. Ya kamata a zaunar da su kusa da injin tun ranar da aka fara kwafewa, a biya su haƙƙinsu, a rubuta abin da suka faɗa a jikin kowane fayil, sannan a ajiye kwafi a wurare daban-daban, ciki har da jami'o'in da ɗalibai za su iya saurara ba tare da wahala ba.