Ranar da tarwada ta ƙi ci

Laraba, Daura.

Hazo ya kwana. Da na fito bayan sallar asuba ko bishiyar darbejiyar ƙofar gida da ƙyar ake hango ta. Na watsa wa tarwadata abinci kamar kullum, sai ƙwayoyin suka yi ta yawo a saman ruwa, babu wadda ta taso. A watan Afrilu kafin hannuna ya sauka sun tafasa tankin, ruwa har fuskata. Yau suna kwance a ƙasa, gashin baki ne kawai ke motsi. Na tsoma ma'aunin zafi: digiri 19.

Da hantsi Baba masunci ya biyo ta unguwarmu da ɗan kamun da ya yi a dam ɗin Sabke, karfasa ce ƙanana. Na kai masa kuka, sai ya yi dariya.

"Ɗana, lafiyarsu ƙalau. Kifi ba ya ci da sanyi. Mu ma ƙugiya takan kwana da tana a ruwa ba a taɓa ta ba. Bari rana ta take sannan ka ba su, kuma ka rage hannu."

Gaskiyarsa ce. Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin ruwan shi ne zafin jikinsa. Ruwa in ya huce, narkewar abinci ma sai ta yi nawa. Tarwada ta fi sakewa wajen digiri 28 zuwa 30. Karfasa ta fi ta raki: ƙasa da digiri 17 takan kusan daina ci, in ya gangaro wajen 11 sai mutuwa. Abincin da ya rage kuma ruɓewa yake yi ya ɓata ruwan, ga tsadar buhu a bana.

Da rana Hajiya ta aika aka sayo sukumbiya wajen masu kifin ƙanƙara. Ƙanwata da ke karatun kiwon kifi a jami'a, tana gida hutu, ita ta gyara. Ta tsaga cikin karfasar Baba ta kira ni: "Yaya, zo ka ga." Hanji siriri, dogo, a nannaɗe, cike da koren abu, gansakuka ce zalla. Na sukumbiya gajere ne, jikinta kuwa mai har yana maiƙo a wuƙa.

A nan hira ta yi daɗi. A taswira Daura tana wajen digiri 13 arewa da layin tsakiyar duniya, ruwanmu da ɗumi kusan duk shekara, gansakuka ba ta yankewa, shi ya sa kifi mai cin ganye ke samun wuri. Yayin da aka doshi ƙuryar arewacin duniya ko ta kudancinta, masu cin tsiro sai su yi ta raguwa a teku, a bar fili ga masu cin nama. Ana ganin ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsiro yana da wuyar narkewa a cikin sanyi. Sukumbiyar nan da ake kawo mana daga ƙasashe irin su Nowe, da bazararsu take haurawa arewa ta ci ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi ba ƙaƙƙautawa, har kitse ya haura kashi 20 cikin 100 na jikinta. Sanyi na shiga sai ta nutsa ƙasa, ta kusan daina ci, tana rayuwa da abin da ta tara. Ni dai gaiwarmu ta fi burge ni, wadda ke shigewa cikin laka ta yi watanni ba ci in tafki ya ƙafe.

Bayan azahar ruwan ya kai digiri 23. Na ba su rabin abin da na saba, suka cinye a hankali. Gobe zan nemi leda mai kauri a kasuwa in riƙa rufe tankin da dare.