Wasiƙa daga Sikotland: hanci ya sha, baki ya yi azumi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya hunturu? Mu nan birnin Abadin na Sikotland a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Kafin Malam ya tayar da hankalinsa, in faɗa tun da wuri: ban kurɓa ba, ba kuma zan kurɓa ba. Labarin barasar nan wiski dai zan ba ku, don wanda ya zauna a ƙasar nan bai san ta ba, kamar wanda ya zauna Kano ne bai taɓa jin labarin marinar Ƙofar Mata ba.

Maƙwabcina dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran gangunan wiski a yankin kogin Spey. Baba nake ce masa, ya kuwa amsa sunan. Ran Asabar ya kira ni shan shayi, shi kuma ya sauko da kwalbar wiski mai shekara 18. Ya tsiyaya ɗan kaɗan, bai fi cokali biyu ba, a wani kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki. Ya ɗaga ta a hasken fitila, ga ta ja-ja kamar zumar Mambila. Sai ya zauna yana kallonta. Shayina ya huce, Baba bai kai kofin baki ba.

Na ce, "Baba, ko ka fasa ne?" Ya yi dariya, ya miƙo min kofin ya ce in shinshina kawai, in bar bakina a ɗan buɗe. Da farko zafi ne ya doki hancina har na yi ƙwalla. Ya ɗiga ruwa ɗigo uku, ya ce in sake. Abin mamaki, sai ga ƙanshin tuffa, ga na zuma, can ƙasa kuma wani abu kamar busasshen dabino da aka daɗe da ajiyewa a akwatin katako.

Ashe yawancin ƙanshin nan daga ganga yake. Wadda suke ce wa single malt da tsiron sha'ir zalla ake yin ta, a masana'anta guda, a tace ta a tukwanen jan ƙarfe. Ranar da ta fito fara ce tas kamar ruwa. Dokar ƙasar ba ta yarda a kira ta wiskin Sikotland ba sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, a nan cikin ƙasar. Gangunan ma yawanci na hannu ne: wasu daga Amurka, inda doka ta ce sabuwar ganga da aka babbake cikinta za a zuba wa irin tasu wiskin mai suna bourbon, wasu daga Jerez ta Sifen bayan sun riƙe giyar inabi da ake ce wa sherry. Akan haɗa wiskin ganguna daban-daban a kwalba ɗaya, don haka lambar 18 ɗin nan shekarun autar da ke cikin kwalbar ce, ba na babbar ba. Duk shekara wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yakan bi iska, su ce wai rabon mala'iku ne. Na ce a'uzubillahi, Baba, ku bar mala'iku su huta!

Akwai ta tsibirin Islay mai warin hayaƙi. Wannan ko shinshinawa ban iya ba.

Da Baba ya tashi sha, ɗan tsotsa ya yi, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, ya haɗiye, ya yi shiru. Kofi ɗaya ya kai shi har bayan isha'i. Ba na wanke barasa, don na ga abin da take yi wa samari a titi daren Juma'a. Amma abin da na gani a falon nan ya fi kama da yadda iyayenmu mata ke buɗe kwalbar humra. Na ba shi labarin yadda ake haɗa ta a Maiduguri da sandal da miski da farce, a toshe kwalba a ajiye har ta tsumu, kuma mai hanci na iya bambance ta jiya da ta bara. Nan take ya gyara zama yana ta jero tambayoyi: a ina ake ajiyewa, wata nawa, zafin garin ba ya ɓata ta?

Don haka ga saƙo. Duk wanda zai taho nan bayan Sallah, don Allah ya riƙo min ƙaramar kwalbar humra, tsumammiya, ba ta kasuwa da aka haɗa shekaranjiya ba. Na riga na yi wa Baba alkawari.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Abadin