Rumfa a hawa na tara

Ranar da aka liƙa takarda a ƙofar benenmu cewa za a yi aiki, ban runtsa ba. Mun sha ganin yadda ake yi wa tsofaffin benaye irin namu a Faransa: a kwashe mutane, a rushe, maƙwabta su watse kamar ’ya’yan kaza. Namu kuwa, a unguwar Grand Parc da ke birnin Bordo, tun farkon shekarun 1960 aka gina shi, kuma tsufan ya nuna. Tagogi ƙanana ne, falo duhu ko da rana tsaka. In hunturu ya shigo, ka ɗora tafin hannu a bango ka ji kamar ka taɓa randa da asuba. Ƙarfen ɗumama ɗaki na aiki, zafin na sulalewa waje.

Ashe ba rushewa za a yi ba, ko ƙwarya ba mu fitar daga gida ba. Benaye uku ne, gidaje 530, kowa na zaune a nasa aka yi aikin. Injin ɗaga kaya ya riƙa kawo ginshiƙai da falankan kankare da aka riga aka zuba a wani wuri, ana jera su a gaban ginin hawa bisa hawa, zurfin mita 3.8. Da aka iso kanmu sai ma’aikata suka cire tsofaffin tagogin, suka yanke bangon da ke ƙarƙashinsu, suka kafa ƙofofin gilashi masu zamewa tun daga ƙasa har rufi. Mun sha ƙura da ƙara na kusan mako biyu, yara suna ta ƙorafi, shi ke nan.

Abin da muka samu wani fili ne tsakanin falo da sarari, su suna ce masa lambun hunturu. Ba a ɗumama shi, rana ce ke yin aikin. Da hantsi a watan Janairu, in ta bugi bangon roba mai haske da ke gaba, wurin yakan yi ɗumi har in tuɓe rigar sanyi, in zame ƙofa ɗumin ya kwararo falo. Da magariba in rufe, in ja labule mai kauri, zafin ya kwana tare da mu. Da bazara kuma akasin haka: a buɗe na waje iska ta ratsa, a ja labulen nan mai ƙyalli ya mayar da rana. Ɗaya gefen ginin an lulluɓe bangonsa da abin tare sanyi. Kuɗin haya kuwa ba a ƙara mana ba saboda aikin, kuma wannan ya fi komai kwantar mini da hankali.

Da Inna ta zo daga Damagaram, tana shiga ta tsaya ta dubi wurin, ta ce, “Ke ’yar nan, ai wannan rumfa ce.” Na ce, “Inna, ku zauna ku ji daɗinta.” Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, can take lazimi, can take shanya kuɓewa a faifai, har ta sa ni shuka yakuwa a tukwane. Gaskiyarta. A gidanmu na ƙasa ba a faɗa wa ɗaki kai tsaye daga rana, sai an bi ta zaure da rumfa, zafi ya huce a hanya.

Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin masu zanen, Jean-Philippe Vassal, ya yi shekara biyar yana aiki a Yamai tun daga 1980, kuma abin da suka fara ginawa shi da abokiyar aikinsa Anne Lacaton bukkar zana ce a can. Aikin benayenmu ya ci babbar kyautar gine-gine ta Tarayyar Turai a 2019, su biyun kuma aka ba su Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2021. Da na ba Inna labarin, sai ta ce, “To ai shi ya sa.” Ta jawo faifanta wajen da ranar ta koma.