Godiya bayan jinyar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, jiya Laraba aka sallamo Inna bayan kwana 9 a gadon asibiti.

Kun san ta da ciwon huhu. Sama da shekara 30 tana tuyar ƙosai a bakin murhu, hayaƙin itace ya gama da ƙirjinta. Da hazon bana ya sauka sai tari ya taso mata. Daren da abin ya yi tsanani na kama wuyan hannunta, na ji jijiya tana gudu, ta yi tuntuɓe, ta sake zabura, ba tsari sam. A asibiti na'ura ta nuna bugu 130 a minti ɗaya.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitan da bai yi gaggawa ba. Aka liƙa mata wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, ya daɗe yana dubawa da bakin biro. Ya nuna mini ƙananan tuddai da ke gaban kowane bugu, siffarsu har iri 3. Ya ce maimakon wuri ɗaya ya riƙa ba da umarnin bugu, wurare da yawa a saman zuciya ne ke rige-rige. Ba a cika ganin irinsa ba, kuma akan ɗauke shi a matsayin wani ciwon da ake ba wa maganin tsinka jini. Na tambaya ko za a yi mata jan lantarki a ƙirji don daidaita bugun, ya ce wannan ba ya jin lantarki: "Huhu ne ya takura zuciyar, shi za mu lallaɓa." Aka sa mata iskar oksijin, maganin ƙwayoyin cuta, da sinadaran magniziyom da fotasiyom a ƙarin ruwa. Rana ta huɗu bugun ya daidaita.

Ya kuma hana ta tiyofilin, maganin fukan da muke saya mata da kanmu, don yana ingiza zuciya. Nan kam laifinmu ne, na ji kunya.

Maƙwabcinmu mai adaidaita da ya fito ƙarfe 2 na dare ya ƙi karɓar ko dala, ma'aikatan jinya, jama'ar masallacinmu na unguwar Zariya, Gwaggo da ta taso daga Tibiri da kwanon fura kullum, dangi na Madarunfa da Jibiya: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi. Don Allah a bar turaren wuta a gida.