Makka a cikin gem ɗin Auta

Laraba, Tudun Wada, Zariya.

Yau kwana shida rabonmu da wuta. Tun daren da aka yi ruwan nan mai iska, wanda ya kwantar da falwaya biyu a bakin layinmu, kullum sai a ce gobe. Janareta kuwa ba ya wuce awa ɗaya da daddare, a jawo ruwa a kashe, don kuɗin mai ba na wasa ba ne.

Mu duk da sauƙi, Baba ne abin ya fi taɓawa. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, talabijin ɗin ɗakinsa tasha ɗaya ta sani, ta Saudiyya mai nuna Harami ba dare ba rana. Ko sauti ba ya so a ƙara sosai, shi dai ya ga ana ɗawafi. Da safe da na shiga gaishe shi na tarar ya juya wa ƙofa baya, kokon da aka kai masa ya huce ko rabi bai sha ba. Inna ta ja ni zaure ta ce, "Rediyon ma ya ce a ɗauke." Da wannan maganar na tafi makaranta, da ita na dawo.

Jiya na gwada masa da wayata. Gilashinta a tsage yake, hannunsa na hagu rawa yake yi, da ya riƙe sai yatsa ya taɓa wani wuri hoton ya ɓace. Ya miƙo min ita bai ce komai ba.

Bayan azahar ina wanke-wanke sai Auta ya zo ya tsaya a kaina, gem ɗinsa a hannu. Nintendo Switch ce, ta hannu, wadda yayanmu ya aiko masa daga Ingila bara. Ban taɓa ɓoye cewa ba na son abin nan ba, sau biyu ina ƙwace shi lokacin jarrabawa. Ya ce, "Yaya, akwai YouTube a ciki fa. Kuma tana tsayuwa da ƙafarta." Ya ɓalle marikan nan biyu na gefe, ja da shuɗi, ya buɗe wata 'yar ƙafa a bayanta, ya girke ta a kan turmin da aka kife. Sai ga ta kamar ƙaramar talabijin, allonta inci 6.2, babu abin da za a riƙe, babu abin da yatsa zai taɓa.

Ba a sa mata layi, ashe. Dole sai da Wi-Fi, saboda haka na kunna hotspot a wayata, ya shigar da lambobin sirri. Ya ce tun 2018 aka sa YouTube a Switch, kyauta ne, amma Netflix babu. Ni ban damu da wannan ba. Na ce ya rubuta Makka kai tsaye. Da Turanci ya rubuta, harafi ɗaya-ɗaya, sai ga tashoshi sun jeru da ɗan jan tambari a jikinsu, har da na labaran gida irin su Channels da TVC da ke watsa shirinsu a can.

Muna cikin haka ƙanena da ke karatu a Samaru ya shigo, ya ga abin da muke yi, ya shige ɗaki ya tono tsohuwar PSP ɗin Yaya daga cikin akwati, wadda aka saya a kasuwar Sabon Gari tun ina firamare. Ya ce in tuna wani tambari da ke cikinta mai suna LocationFree, wanda muka yi ta dannawa muna yara bai taɓa buɗe mana komai ba. Na tuna sarai. Ashe tun 2005 kamfanin Sony ya sa shi don wannan aikin: ka haɗa wani akwati da na'urar talabijin ɗinka ta gida da intanet, shi kuma ya riƙa turo maka hoton duk inda kake, har tasha kana iya canzawa daga nesa. Mu ba mu da akwatin, ba mu da intanet a gida a lokacin, to ina za mu sani? Ya so ya gwada ta, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ya ce ko da ta kama ma, irin makullin Wi-Fi na wayoyin yanzu ya fi ƙarfinta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, shekara ashirin ke nan wasu suna kallon talabijin a tafin hannu, mu sai yau buƙata ta kai mu.

Bayan la'asar muka kai wa Baba. Na jawo teburin maganinsa kusa da gado, Auta ya girke ta, na gyara masa filo. Na ce, "Baba, ga Harami." Bai juyo nan da nan ba. Sai da ya ji wannan gunjin na taron mutane, wanda duk mai kallon tashar ya sani, sannan ya waiwayo. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Uwata, matso da shi." Na matso da shi har ya kusa taɓa gemunsa.

Agogon Makka yana gaban namu da awa biyu, saboda haka wajen ƙarfe biyar, rana na nan fau a tsakar gidanmu, aka kira magariba a can. Ɗawafi ya tsaya, sahu ya zagaye Ka'aba kamar an zana. Baba ya ɗaga yatsan hagu ya nuna gefen Maƙamu Ibrahim, ya ce nan ya yi raka'a biyu shekarar da ya je. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, sai na sunkuya. Ya ce a lokacinsu matakala ake bi daga filin ɗawafin a sauka wurin Zamzam, yanzu duk an shafe an shimfiɗa farin dutse. Rabon da ya yi doguwar magana haka, na fi wata ban ji ba. Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta manta da sharar.

Ana cikin raka'a ta biyu aka kira wayata. Hoton ya daskare, 'yar da'irar nan ta shiga juyawa, liman ya tsaya a tsakiyar aya. Na katse kiran ban ko duba wane ne ba. Ƙanena ya ce wayata idan kira ya shigo takan saki layin data mai sauri, shi ya sa. Ya kuma ce in daina barin ta cikin ɗaki, in ajiye ta a tagar da ke kallon titi, don ginin ƙasa da rufin kwano suna danne sabis. Da muka yi haka bai sake tsayawa ba sai sau ɗaya.

Data ce abin lissafi. Da farko Auta ya bar hoton a mafi kyawunsa, na duba bayan rabin awa gabana ya faɗi. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 nake ƙirga kowane gig kamar mudun shinkafa. Muka sauke shi zuwa 360. Fuskoki sun ɗan dushe, amma Ka'aba baƙa ce, harami fari ne, karatu kuma bai ragu da komai ba. Na tambayi Baba ko ya ga bambanci, ya girgiza kai. A haka zan iya ɗaukar nauyin awa biyu kullum har wutar ta dawo, in na rage nawa kallon. Kuma zan rage.

Ya sha kunu kofi guda cur yana kallo. Inna ce ta ba shi, ni na fita don kada ya ga idona.

Batirin gem ɗin ya kai mu har aka fara isha'i a can, daidai lokacin da masallacin layinmu ke shirin kiran magariba. Auta bai buga ko wasa ɗaya ba yau, cajin da ya yini yana tattali tun daga shagon mai caji duk a ɗakin Baba ya ƙare, kuma ban ji ya yi ƙorafi ba. Da kansa ya ɗauke ta ya sake kai ta shagon. Na ba shi kuɗin cajin, na ƙara masa na awara.

Da na shiga yi wa Baba sai da safe, ya riƙe bakin mayafina ya ce, "Asuba fa?" Na lissafa, asubar Makka kafin ƙarfe uku na darenmu take. Na ce, "Baba, dare ne sosai." Ya ce ai ba barci yake yi ba.

Kebul ɗin cajin gem ɗin irin na wayata ne, na gwada da fawa bankin ƙanena ya kama. Na ajiye wayar a taga, na saita ƙararrawa biyu da rabi.