Tseren Jirgin Iska a Kogin Yawuri

A unguwarmu da ke Yelwan Yawuri ana jin ƙarar injinan jiragen fito tun kafin a idar da sallar asuba, kuma yaro yakan iya riƙe filafili kafin ya iya riƙe alƙalami. Mahaifiyata daga cikin Gungawa ta fito, iyayenta suna cikin dubban mutanen da aka tasa daga tsibirai da gaɓar kogin Kwara lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsofaffin garuruwansu. Ni aikin koyarwa Allah ya ba ni, saboda haka ba da kogi nake ci ba, amma ranar Asabar da lokacin hutun makaranta ba a nemana ko'ina sai bakin ruwa. Tun ina saurayi nake shiga tseren kwale-kwale tare da samarin dangin mahaifiyata, irin wanda ake gani a bikin Rigata na Yawuri ko a wasannin Kabanci na Argungu, inda ƙarfin damtse da haɗin kan matuƙa suke raba gardama.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a Legas, lokacin da aka tura mu wani kwas. Wata ranar Asabar da yamma na tsaya kusa da ƙungiyar masu jiragen iska ta birnin, wadda aka kafa tun 1932, na ga ƙananan fararen jirage, kowanne da mutum ɗaya ko biyu, babu inji babu filafili, suna tsere. Tafiya da iska ba baƙon abu ba ne a wurina, domin a gida masunta sukan ɗaura buhu ko zane a gwangwala idan iska tana bayansu, su huta da tuƙi, idan kuma ta juyo ta gabansu sai su naɗe su koma ga filafili. Waɗannan kuwa wajen da iskar take fitowa suka nufa, suna karkata dama, su juya su karkata hagu, a hankali suna cin tazara. Na fi awa guda a tsaye ban gane yadda hakan yake yiwuwa ba.

Wani dattijo da ya fito daga ruwa yana wanke jirginsa shi ne ya yi mini bayani. Ya nuna mini wani dogon allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya leƙa cikin ruwa. Iska idan ta bugi zanen tana son ta tura jirgin gefe, allon nan ya hana, sai ƙarfin ya rasa mafita illa gaba, kamar yadda ƙwallon mangwaro yake suɓucewa idan an matse shi tsakanin yatsu biyu. Babu jirgin da yake iya fuskantar iska kai tsaye, amma yana iya kusantarta da kimanin digiri 45, shi ya sa ake tafiyar a karkace. Jirgin nasa irin wanda ake kira Laser ne, wanda yanzu ake ce wa ILCA, tsawonsa mita 4.2, kuma tun 1996 ake tsere da shi a wasannin Olamfik. Na taɓa jikinsa na ji santsi kamar tangaran, na kuma san cewa albashina ba zai saye shi ba, amma allon nan bai fi ƙarfin kafintan Yelwa ba.

Da na dawo na sami kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana ɗinkin koma a gindin bishiya, na zayyana masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ruwan Legas daban, namu daban. Ka manta da kututturan da ke ƙarƙashi?" Na ce, "Ban manta ba, Kawu, shi ya sa na zo wurinka kafin in je wurin kafinta." Gaskiyarsa ce, domin da tafkin ya cika, itatuwan da ba a sare ba sun tsaya a ƙarƙashin ruwa, kuma har yau suna fasa jirage. Shi ya ba da shawarar kada a huda cikin kwale-kwalen, a ɗaura allon a gefe da ƙusa guda mai kauri yadda idan ya bugi wani abu zai ɗaga da kansa ya koma baya. Daga baya na karanta cewa tsofaffin jiragen dakon kaya na ƙasar Holan da irin wannan allon gefe suke tafiya a ruwa marar zurfi, abin da Kawu bai taɓa gani ba amma sanin kogi ya kai shi gare shi.

Zanen farko da buhunan taki muka yi shi, tela ya haɗa, sai ya riƙa yin ciki kamar tulu, jirgin ya ƙi hawa iska. Na biyu da tamfol muka yanka, mai kusurwa uku, aka ɗinke bakinsa da igiya a ciki, shi ne ya yi aiki. A fita ta uku na kife. Na ƙulle igiyar zanen a jikin jirgi don hannuna ya huta, sai wani bugun iska ya zo daga tudu, kafin in kwance ƙullin ruwa ya riga ya shigo ta gefe. Masunta biyu suka jawo ni zuwa gaɓa, muka kwashe ruwan da ƙoƙo. Tun ranar igiyar tana hannuna duk tsawon tafiya, ko da tafina zai yi kanta, kuma shi ne abu na farko da nake koya wa duk wanda ya shiga jirgina.

Mafi yawan abin da na koya a shekarun nan game da lokaci ne. Kwara tana kawo mana cika biyu. Akwai farin ruwa na damina, mai laka da ƙarfin gudu, wanda ruwan saman ƙasashen kusa yake haifarwa, sannan akwai baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, bai iso mana ba sai cikin sanyi, ya zo a tace. Lokacin baƙin ruwa shi ne lokacin tserenmu, domin ya dace da hunturu, iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan kullum da hantsi. Da yake garin yana gabashin kogi, iskar ta kan tudu take sauko mana, don haka kusa da gaɓa takan zo a yayyanke, gidaje da itatuwa sun kakkarya ta, sai an shiga tsakiya take daidaita. Da damina kuwa ba ma tsere ko kaɗan. Hadarin gabas ba ya ba da wa'adi, kuma wanda ya ga gabas ta yi baƙi yana tsakiyar ruwa da zane a sama ya riga ya makara.

Yanzu mu huɗu ne masu irin wannan jirgi: ni, da wani ma'aikacin asibiti, da samari biyu 'ya'yan masunta. Jarkoki uku muke ɗaure wa duwatsu mu jefa su zama alamomin juyawa, Kawu kuma ya zauna a kwale-kwalensa da usur yana alƙalanci. Dokoki kaɗan muka ɗauko daga na tseren duniya, waɗanda ba a iya yi sai da su. Idan jirage biyu suka nufi juna, wanda iska take shigo masa ta dama shi ke da hanya, ɗayan ya kauce. Wanda ya taɓa jarka zai yi juyi guda a wurin kafin ya ci gaba, wanda ya tare wa wani hanya ya yi biyu. Na ɗaya yana samun maki ɗaya, na biyu maki biyu, a ƙarshen sanyi mai mafi ƙarancin maki shi ya ci. Abin da ya fi burge ni a dokokin nan shi ne mutum da kansa yake hukunta kansa, ko da alƙali bai gani ba.

Akwai tseren da ba na mantawa, a sanyin da ya wuce. Na fita da kyau, na riga kowa tsallake layi, na nufi tsakiyar kogi inda na san iska ta fi ƙarfi. Ƙaramin cikinmu, wanda bai wuce shekara goma sha tara ba, sai ya manne wa gaɓa inda iskar take da rauni, na ɗauka kuskure ya yi. Jarkar farko tana sama da mu, wato sai an haura ruwa, kuma a tsakiya gudun ruwan yana mayar da ni baya kusan gwargwadon yadda iska take kai ni gaba. Ina jin ruwa yana ƙara a jikin allo, jirgin ya kwanta gefe, ina zaune a baki na miƙa jikina waje, duk alamun gudu sun bayyana, amma da na dubi wata bishiyar giginya a tudu sai na ga da ƙyar take matsawa. Shi kuwa yana can cikin ruwa mai kwanciya, yana tafiya a hankali ba ya tsayawa, ya jira har ya wuce daidai jarkar sannan ya yanko, ruwan ya sauko da shi kanta. Ya riga ni da tsawon jirgi kusan goma. Da muka fito na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce, "Malam, haka Baba yake haurawa idan za mu ɗaga koma." Ya ci tseren da ilimin da ya gada, na kuma yi murna da hakan har cikin zuciyata.

Sharaɗi guda ne ba ma sassautawa a kansa, wato rigar kariya daga nutsewa. Duk wanda yake yankin nan a watan Mayun 2021 ya san abin da ya faru a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, lokacin da jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa ya tarwatse, mutane masu yawa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Samarinmu sukan ce su a ruwa aka haife su, rigar ta baƙi ce. Ina ganin wannan magana ita ce mafi haɗari a bakin kogin nan, domin sandar zane idan ta bugi ƙeyar mutum lokacin juyawa, iya iyo ba ya amfanarsa. Da kuɗin aljihunmu muka sayi riguna shida, wanda bai saka ba Kawu ba ya busa masa usur.

Abin da ke gabana yanzu shi ne jirgin yara. A ƙasashe da dama da wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Optimist ake fara koya musu, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1947 musamman don a iya haɗa shi da falankin katako mai araha, tsawonsa mita 2.3 kacal, yara suna tsere da shi har su kai shekara 15. Na zana wa kafintanmu siffarsa a takarda, ya duba ya ce zai iya, in dai na samo falankin da ruwa ba ya ɓamɓarewa. 'Yata ta biyu, mai shekara tara, ta riga ta iya ƙulla igiyar zane, kuma mahaifiyarta ta amince da sharaɗin cewa ba za ta wuce inda Kawu yake iya kai wa da gwangwala ba. Muna fatan saka shi a ruwa idan baƙin ruwa ya iso, in Allah ya kai mu.